Kwamitin sa ido kan kuɗin gidaje: mu shiga ko mu ƙi?

Tambaya: Barista, barka da aiki. Ni ce sakatariyar ƙungiyar 'yan haya a birninmu. Majalisar birni na da asusun da aka ware don gina gidaje masu sauƙin kuɗi da gyara tsofaffi, amma shekara uku ke nan ba a faɗa mana inda kuɗin ke shiga ba. Yanzu sun ce za su kafa kwamitin ba da shawara, har sun nemi mu kawo mutum ɗaya. Mu shiga? In mun shiga, za mu iya hana a kashe kuɗin ba bisa ƙa'ida ba?

Amsa: Malama, ku shiga, amma kada ku miƙa sunan kowa sai kun karanta takardar da za ta kafa kwamitin.

A shari'a, kwamitin ba da shawara ba ya da ikon tsayar da biyan kuɗi ko soke kwangila. Wannan iko na zaɓaɓɓun kansiloli ne da jami'an da doka ta ɗora wa baitulmali. Kwamiti zai faɗi ra'ayinsa, majalisa ta ɗauka ko ta ajiye. Duk wani ƙarfi da zai samu bayan wannan, sai wanda aka rubuta masa.

Shi ya sa nake so ku dage a kafa shi da dokar birni. Ƙuduri na zama ɗaya ana iya soke shi a wani zama, umarnin shugaban birni kuma wanda ya gaji kujerarsa zai iya share shi da sa hannu guda. Doka kuwa sai an koma zauren majalisa, a gaban jama'a, kafin a taɓa ta.

A cikin dokar, abin da ya fi damuna shi ne ganin takardu. A rubuta ƙarara cewa mambobi na da haƙƙin ganin bayanan banki na asusun, da kwangiloli, da sunayen waɗanda aka bai wa gidaje, cikin kwanakin da aka ƙayyade bayan sun nema. A kuma wajabta wa majalisa ta ba da dalili a rubuce duk lokacin da ta ƙi shawararku. Wannan sharaɗi ƙarami ne a ido, amma shi ke barin sawu, kuma da sawun mai binciken kuɗi ko alƙali zai yi aiki gobe. Sai wa'adin mambobi, da hana cire su ba da dalili ba, da fitar da duk mai hannu a kwangila daga zaman da za a tattauna ta.

In sun ce neman naku ya yi yawa, ku tuna musu da sashe na 13 na Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan Yaƙi da Cin Hanci ta 2003, wanda ya nemi ƙasashe su ba jama'a damar samun bayanai da shiga tsara al'amura. Ba za ki kai ƙara da shi kai tsaye ba, amma hujja ce mai nauyi a teburin tattaunawa.

Batun shekaru ukun baya kuwa, kada ku jira kwamiti. Ƙasashe fiye da 100 suna da dokar samun bayanan hukuma. In taku na ciki, ku rubuta takardar nema yau, ku riƙe kwafi mai hatimin karɓa. In an yi shiru, ku kai koke ga ofishin mai binciken kuɗin gwamnati. Kotu ta zo a ƙarshe, kuma kafin ku je, lauyan da ke kusa da ku ya duba ko ƙungiyarku na da rajista da hurumin shigar da ƙara da sunanta.