Amsa kan robinen bahon wanka mai yoyo ta jikin bango

Wa alaikumus salam, Malam. Ka ce robinen bahon wankanka yana ɗigo ta baya, inda ya haɗu da bango, ka naɗa tefalon, farin zirin nan na toshe yoyo, ka ɗaure da kile, wato sifana, iya ƙarfinka, amma ruwa bai daina ba. To, kafin komai, don Allah ka ajiye kilen nan. Ƙarin ɗauri ba zai tsayar da ɗigon ba, sai dai ya tsaga maka ƙarfe.

Na daɗe ina wannan aiki a gidajen Yamai, kuma abin da na fi tararwa shi ne tefalon a inda ba wurinsa ba. Robinen da ake kafawa a bango, mai ruwan zafi a hagu da na sanyi a dama, kowane gefe mahaɗi biyu gare shi. Tsakaninsa da tiyon bango akwai wani guntun ƙarfe mai ɗan karkata, eksantirik. Ƙaramin bakinsa, mai lambar girma 15/21, shi ke shiga gwiwar tiyo da ke cikin bango. Babban bakin, 20/27, a kansa notin robine ke zama. Wancan na bango haƙora ne ke riƙe ruwa, shi ke son naɗi. Na noti kuwa ba ruwansa da tefalon, wani ɗan zobe ne na roba ko na fiba a cikin notin, juwan, shi ke toshe ruwa. In zoben ya bushe ko ya tsage, ko ka ƙarar da naɗi guda na tefalon a haƙoran, ɗigo na nan. Wani lokaci ma tefalon ɗin ne ke hana notin isa ya danne zoben.

Saboda haka ka fara gano inda ruwan ke fitowa. Ja murfin nan mai ƙyalli da ya rufe jikin bango, ka goge wurin ya bushe sarai, ka naɗa takardar goge hannu a noti, wata kuma a gindin eksantirik. Wadda ta fara jiƙewa ita ce za ta faɗa maka gaskiya.

In noti ne, aikinka ya zo da sauƙi. Rufe makullin ruwa na bayan kontar, wato ma'aunin ruwan gida, in kana da tanki a sama shi ma ka rufe, ka buɗe pampon tsakar gida ruwan tiyo ya tsiyaye. Sa tsumma a kan notin kada kile ya kankare ƙyallinsa, ka kwance gefe biyun kaɗan-kaɗan tare. Ɗauki tsohon zoben ka tafi da shi kasuwar Katako ko kantin kayan pampo na unguwa, ka sayo biyu daidai girmansa, ka sake duka biyun. Ka ɗaure da hannu, sannan ka ƙara ɗan juyi da kile, ya isa.

In kuwa daga bango ne, a nan nake so ka saurare ni da kyau. Eksantirik ba a ɗaure shi har ƙarshe a bari kawai. Dole bakunan biyu su tsaya a layi ɗaya, tazararsu santimita 15, daidai da robine. Wurin neman wannan daidaito mutum yakan ɗan juya baya, shi kuwa tefalon ba ya yafe juyin baya: da ka sassauta shi ko kaɗan, hanya ta buɗe. Ina kyautata zaton abin da ya same ka ke nan. Shi ya sa a wannan mahaɗin na fi yarda da filas da man shafa shi, wanda ake kira pat. Filas zare ne na tsiro, kamar ramar da ake tufka igiya, in ya sha ruwa kumbura yake yi, kuma yana jure ɗan gyara baya ba tare da ya saki ba.

Ka kankare tsohon naɗi da tsatsa daga haƙoran ciki da na waje. In haƙoran sun yi santsi, ka ɗan karce su da bakin zarton ƙarfe don zaren ya samu abin kamawa. Riƙe eksantirik bakinsa na kallonka, ka naɗa zaren siriri ta hanyar da agogo ke juyawa, yana bin ramin haƙora, ka bar haƙorin farko a fili. Shafa pat a kai, ka shigar da hannu, sannan kile. In tefalon kaɗai gare ka, shi ma ta wannan hanya za ka naɗa, ka ja shi ya kwanta sosai, amma ka ɗaure a hankali ka tsaya daidai inda ake so. In ka wuce, sai ka ciro ka sake sabon naɗi.

Kada ka yanke hukunci da rana. A unguwanni da yawa, musamman lokacin zafi, ruwan ba ya da ƙarfi sai dare ya yi nisa, mahaɗin da ya bushe da azahar yana iya zuba da asuba. Ka bar murfin a buɗe da takarda a naɗe har safiya. Kada kuma ka raina ɗigon: ɗigo ɗaya a kowace daƙiƙa yana tara lita da dama a kwana guda, kuma ba kuɗin ruwa ne ya fi damuna ba, wanda ke komawa cikin siminti ne, ya kumbura fenti a ɗakin da ke baya.

In ka yi duk wannan da kyau amma bango bai daina jiƙewa ba, haska tocila cikin gwiwar. Tsaga siririya ko haƙoran da tsatsa ta cinye, a tsohon tiyon ƙarfe na galba, ba naɗin da ke gyara su. Sai an fasa karo, wato tayil ɗin bango, guda ɗaya ko biyu an sake gwiwar, kuma wannan ka kira mai aikin pampo ya yi maka. Ka gwada takardar yau da dare, ka faɗa mini wane gefe ya jiƙe.