Tambaya da Amsa: Ziyarar Lujiazui a Shanghai

Tambaya: Zan je Shanghai sarin kaya, ina so in leƙa unguwar dogayen benaye ta Lujiazui. Yaya zan yi?

Amsa: Malam, ka hau jirgin ƙarƙashin ƙasa Layi na 2, ka sauka a tashar Lujiazui. Daga nan da ƙafa za ka isa Shanghai Tower mai tsayin mita 632, wurin hangen gari yana hawa na 118. Ka riƙe fasfonka, kuma ka haɗa katin bankinka da Alipay, manhajar biyan kuɗi ta waya, tun kafin ka taso, don tsabar kuɗi ba ta cika yawo a can ba.

Babban abin da ke ɓata tafiyar shi ne hazo. Kafin ka sayi tikiti, ɗaga kai ka dubi ƙolin ginin. In gajimare ya rufe shi, bari sai gobe, domin ko ka hau, fari fat kawai za ka gani.