Amsa ga mai son fara bidiyon koyar da gyaran kantar kicin

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce kana sabunta tsofaffin kantocin kicin, kana goge na dutse, kana zuba efoksi (ruwan roba ne kashi biyu da ake haɗawa, ya daskare ya yi ƙyalli) a kan na siminti da tayil, yanzu kana son fara bidiyon koyarwa da Hausa, shi ne kake tambaya ko sai ka sayi kyamara tukuna. Ni ma sana'ata ke nan, kuma da waya nake ɗaukar aikina. Bar maganar kyamara. Ka nemi ƙafar ɗora waya da ƙaramin makirufo na maƙalawa a riga, sauran kuɗin ka zuba a kayan aiki.

Abin da ke damuna da bidiyon efoksi da ke yawo a TikTok, duk daga wurin zubawa suke farawa, a nuna ruwan yana malala yana ƙyalli, an gama. Mai kallo ya je ya sayi galan biyu ya kwarara a kan kantar da ta sha man gyaɗa shekara da shekaru, kwana kaɗan ya fara ɓawo. In koyarwa za ka yi, fiye da rabin bidiyon ya tafi a share fage. Nuna yadda kake wanke maiƙo, yadda kake bi da samfefa mai lamba 80 zuwa 120 har tayil ya daina sheƙi, yadda kake cike ramukan da ke tsakaninsu. Ɗora ma'aunin lebur ka kawo waya kusa a ga kumfar ta tsaya a tsakiya, don efoksi gangare yake bi, in kanta ta karkata duk zai taru gefe guda.

Wurin haɗi kada ka yanke bidiyo ko kaɗan. Wani samfurin ɗaya da ɗaya ake haɗa shi, wani biyu da ɗaya, wani da awon kofi, wani a sikeli. Haska takardar jikin galan, ka karanta da bakinka. A ga kana juyawa minti uku ko fiye, kana kankare gefe da gindin roba. Sannan ka faɗi yanayin ranar. Yawancin masu yin efoksi suna ba da shawarar a yi aiki a digiri 21 zuwa 27, mu kuwa a Kano cikin Afrilu ana haura 40. Da irin wannan zafi, haɗin da aka ce zai ba ka rabin awa sai ya ɗau zafi a roba ya daskare tun kana neman safar hannu. Ni da asuba nake zubawa, kuma da na gama juyawa nake juye shi a kan kanta. Lokacin hunturu kuma ƙura ce abokiyar gaba, sai ka nuna yadda kake rufe taga da ƙofa da leda. Bature mai bidiyo a Amurka ba zai koya wa mutanenmu wannan ba, nan ne za ka fi shi.

Gugar dutse fa a yi ta da ruwa, daga faifan guga mai lamba 50 har 3000, kuma a gan ka da takunkumi na gaske. Ƙurar dutse tana taruwa a huhu ta jawo cutar da ba ta warkewa. Saboda ita Ostiraliya ta haramta dutsen kanta na haɗi, wanda ake yi da garin dutse a masana'anta, tun 1 ga Yuli, 2024. Yaran da ke kallonka abin da hannunka ya yi za su kwaikwaya.

Ɗaukar bidiyon kuwa ba wuya. Haske ya zo daga gefe, ƙasa-ƙasa, a nan ake ganin karce da kumfa. Fitilar sama ɓoye aibi take yi. In hoton yana rawa a ƙarƙashin fitila, mai da wayar hoto 25 ko 50 a daƙiƙa, don wutar lantarkinmu zagaye 50 take yi a daƙiƙa. Kada ka yi ta ihu kana gasa da injin guga da janareta, ɗauki aikin, ka ɗora murya daga baya. Doguwar koyarwa ka ɗauka da waya a kwance don YouTube, gajeru da waya a tsaye. Kuɗin tallar YouTube kam, in da dogayen bidiyo ne, sai ka tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12, saboda haka kada ka ƙulla lissafi da shi. Masu gida da za su kira ka aiki su ne ribar farko.

Ka nemi izinin maigida kafin ka ɗauka, kicin cikin gida ne, kada iyali su fito a hoto. Ka kuma roƙe shi ka dawo bayan wata shida. Efoksi yana yin rawaya in rana na dukansa, tukunya mai zafi tana bar masa tambari, wuƙa tana karce shi. Ɗauki kantar yadda ka same ta, ka haɗa da bidiyon farko.