Anti, in mayar da ɗiyata gidan raino ko in haƙura?

TAMBAYA (daga lokacin annobar korona): Assalamu alaikum Anti, ya aiki ya sanyi. Ni ma'aikaciya ce a nan Zariya, an ce mu koma ofis, ɗiyata kuma shekararta ɗaya da wata bakwai. Hajiyarmu tana Tudun Wada amma ga hawan jini ga suga, ba na so in ɗora mata. Gidan rainon da nake kai ta kafin kullen korona sun buɗe, sun ce kowane yaro ya zo da takunkumi da sanitaiza. Wallahi hankalina ya ƙi kwanciya da wannan korona. Ya zan yi?
Wata uwa, Samaru

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar uwa, sanyi alhamdulillahi. Kin yi tunani da ba ki kai wa Hajiya ita ba, don cutar nan masu shekaru da masu suga da hawan jini ta fi kayarwa, yara ƙanana yawanci da sauƙi take zuwar musu. Ki kai ta rainon, amma sai kin je kin gani da idonki, ba a waya ba.

Maganar takunkumi kuwa kar ki yarda. Tun watan Agustan 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) da UNICEF suka ce kada a tilasta wa ɗan shekara 5 zuwa ƙasa sa shi, balle wadda ba ta kai 2 ba, in ya toshe mata numfashi tana barci ba ta da bakin faɗa. Masu rainon su ne za su sa, kuma a hanci, ba a haɓa ba kamar yadda muka riƙa gani a bakin banki a unguwar PZ. Sanitaiza ma a ajiye ta can sama, yaro zai iya kurɓa, sabulu da ruwa na daƙiƙa 20 sun ishi hannunta.

Ki je da hantsi ba tare da kin sanar ba, ki tsaya ki kalla. Na taɓa shiga wani gidan raino, a ƙofa an auna min zafin goshi da bindigar nan, har da bokiti mai famfo, na ce madalla, ina shiga ɗaki na tarar da yara jere a katifa ɗaya, tagogi duk a rufe wai saboda ƙurar hunturu, mai rainon kuma da tawul ɗaya a kafaɗa tana bin hancin kowa tana sharce majina. To me bindigar ƙofa ta tsinana? Cutar nan ta numfashi take yaɗuwa, ɗakin da iska ba ta shiga shi ne matsala, gara a buɗe taga a sa wa yara rigar sanyi da hula. Ki duba ko kowa na da kofinsa da cokalinsa, ko ana wanke kayan wasan da suke tusawa a baki, ko mai canza famfas tana wanke hannu kafin ta koma dama kunu. Ki tambayi yara nawa ke hannun mutum ɗaya, kuma idan ita mai rainon ta tashi da tari ana barinta ta zauna gida ko yanke mata albashi za a yi, don in za a yanke, wallahi ɓoyewa za ta yi ta zo.

Sai mu iyaye, namu laifin ya fi. Yaro ya kwana da zazzaɓi, da asuba a ɗura masa farasitamol don ya wuce awon ƙofa, azahar na yi jiki ya dawo rau, ya riga ya shafa wa 'ya'yan mutane. Haba. Zafi ya kai 38, ko tari, ko gudawa, ki nemi uzuri a ofis ki zauna da ita, ki kai a gwada maleriya, kuma satin nan ba zuwa gaida Hajiya. Idan kika ga numfashinta na sauri, haƙarƙari na lotsawa, ko ta ƙi nono da abinci, kar ki tsaya kemis, asibiti kai tsaye, ko asibitin koyarwa na Shika ne ki tafi.

Ki ɗauko katin rigakafinta ma ki duba, da yawa sun tsallake allurar ƙyanda lokacin kulle, ita kuwa ƙyanda ta fi korona saurin bin yara a ɗaki ɗaya. In da wadda ta wuce ta, ki kai a yi mata kafin ki mayar da ita rainon.