Faifan Reclaim Australia: in saya ko in saurara a waya kawai?

Wani ƙanenmu da ke karatu a Melbourne ta ƙasar Ostareliya ya turo tambaya, ya ce: "Yaya, zan dawo gida hutu, ina so in kawo wa abokina tsaraba, mayen rap ne. An ce min kundin A.B. Original mai suna Reclaim Australia ya yi fice sosai a nan. In sayi baƙin faifan garmaho ne ko CD, ko kuma in tura masa ya ji a waya?"

To ƙanena, wanda ya nuna maka kundin nan bai cuce ka ba wallahi. A.B. Original mutum biyu ne, Briggs ɗan ƙabilar Yorta Yorta daga garin Shepparton a jihar Victoria, da Trials ɗan Ngarrindjeri wanda shi ne ke haɗa kiɗan, dukkansu 'yan asalin ƙasar ne tun kafin Turawa su zo. Kundin ya fito a Nuwamba 2016, ya ci kyautar Australian Music Prize, sannan a 2017 ya ɗauki kyautar ARIA, wato lambar yabon masana'antar waƙa ta Ostareliya, guda biyu.

Sunan kundin ma da labarinsa. Akwai wata ƙungiyar masu ƙin Musulunci da ta yi ta zanga-zanga a biranen Ostareliya a 2015 da wannan suna, wai za su ƙwato ƙasarsu, sai waɗannan biyun suka ɗauke sunan suka manna wa kundinsu, kamar suna tambaya, wa ya fi cancanta ya yi maganar ƙwato ƙasa in ba mu ba? Ni nan ne suka saye ni gaskiya. Waƙar da ta fi tashe ita ce January 26 tare da mawaƙi Dan Sultan, tana sukar bikin ranar ƙasa da ake yi ranar da jiragen Ingila suka sauka a Sydney a 1788, ranar da su 'yan asalin ke kallo a matsayin ranar makoki.

Batun saye kuwa, kada ka sayi garmaho sai in ka tabbata abokin naka yana da na'urar juya shi. In babu, ka kashe kuɗi ne kawai a kan abin rataye a bango, ga shi faifan nan ba ya son zafi, ka bar shi a bayan mota da rana tsaka a watan Afrilu a Kano ko Maraɗi sai ka tarar ya lanƙwashe kamar gurasa. CD ya fi sauƙin ɗauka, amma ka fara tambayarsa ko motarsa ko kwamfutarsa tana cin CD, don yawancin sababbi ba sa ci. Ni da zan zaɓa, ka sa shi ya fara ji a Spotify ko YouTube, in ya shiga ransa sai ka sayo masa CD ɗin.

Wata 'yar'uwa kuma daga Kaduna ta ce ɗanta ɗan shekara 13 ya dame ta da kundin, ta bar shi? Hajiya, akwai ashar a ciki, ba kaɗan ba kuma, fushi ne tsagwaronsa a kan 'yan sanda da mutuwar mutanensu a tsare. Ni ba zan miƙa wa yaro haka kawai ba. Ki fara ji da kanki da rubutun baitocin a gabanki don Turancinsu da sauri kuma lafazin Ostareliya sai an saba, in kin ga zai iya, ku zauna tare ki fara ba shi tarihin 1788 tukuna.