Wane albarushi ya dace da harsashi mai nauyi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a jihar Kolorado ta Amurka, ina da lasisin farauta, kuma ni nake ɗura harsashin bindigata ƙirar .30-06 da kaina, da kan harsashi mai nauyin giren 150 (giren ƙaramin ma'aunin nauyi ne) da albarushi marar hayaƙi mai suna IMR 4064. Bana ina son fita farautar babbar barewar nan da ake kira elk, an kuma ba ni shawarar in koma mai giren 180 ko 200. Shin in ci gaba da albarushin da ke hannuna, ko in sayi wani?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Albarushin da ke hannunka yana iya tura harsashi mai giren 180, domin littattafan ɗuri sun kawo shi, amma shawarata ita ce ka nemi wanda ya fi shi jinkirin ƙonewa. Dalili kuwa shi ne harsashi mai nauyi ba ya saurin motsawa daga bakin kwanso, saboda haka idan albarushin mai saurin ci ne, iskar da yake fitarwa takan taru a ɗan ƙaramin fili kafin harsashin ya yi nisa, sai matsi ya kai ƙololuwa da wuri alhali gudun bai kai yadda ake so ba. Mai jinkirin ci kuwa yana ci gaba da tura harsashin yayin da yake tafiya cikin bututu, yana kuma cika kwanson sosai, abin da kan sa harbi ya riƙa zuwa daidai da juna. Iyakar matsin da SAAMI, ƙungiyar masu ƙera bindigogi da harsasai ta Amurka, ta ƙayyade wa .30-06 ita ce 60,000 a ma'aunin matsi na psi, kuma duk dabarar zaɓen albarushi ita ce samun gudu mai kyau ba tare da an ƙetare wannan iyaka ba.

Ga giren 180, masu ɗuri sun daɗe suna dogaro da IMR 4350 da H4350. Idan ka haura zuwa 200 ko 220, to H4831 da Reloder 22 ma sun shigo cikin lissafi. Da ni ne a Kolorado, H4350 zan ɗauka, saboda an san shi da rashin sauya hali sosai tsakanin zafi da sanyi, kai kuwa za ka yi gwajinka a filin harbi da rani, sannan ka hau duwatsu a watan Oktoba ko Nuwamba cikin tsananin sanyi.

Sai dai ka kiyaye, IMR 4350 da H4350 lamba ce kawai ta haɗa su, kowanne da ma'auninsa. Kada ka ɗauki awon wannan ka zuba wancan, haka kuma kada ka ɗauki awon da ka saba da shi a giren 150 ka ɗora wa 180. Ka buɗe littafin kamfanin da ya ƙera kan harsashin, ko Nosler ne ko Hornady ko Sierra, ka fara daga mafi ƙarancin awon da suka rubuta, kana ƙarawa kaɗan kaɗan a kan sikeli. Nauyi ɗaya ba ya nufin awo ɗaya, domin harsashin jan ƙarfe zalla ya fi mai dalma tsawo, yana kuma cin fili a cikin kwanso. Bayan kowane harbi ka juya kwanson ka dubi gindinsa. Idan maƙyastin da ke tsakiyar gindin, wanda ke kunna albarushi, ya baje, ko ka ga ɗan tabo mai sheƙi a jikin tagullar, ko sakatar bindigar ta yi tauri wajen ɗagawa, to ka tsaya nan take ka koma baya.

Idan bindigar taka M1 Garand ce, wato tsohuwar bindigar sojan Amurka mai ɗura kanta, wannan shawara ba taka ba ce, domin albarushi mai jinkiri yana iya lanƙwasa sandar da ke sarrafa ta.

Game da saye, ka fara da gwangwanin fam ɗaya. In ya karɓi bindigarka, sai ka sayi babba mai fam takwas, domin kowace sarrafawa tana da lambarta a jikin gwangwani kuma akan sami ɗan bambanci tsakaninsu, wanda ke tilasta sake gwaji duk lokacin da lambar ta canza.

Tambaya: Ni mafarauci ne a Bauchi. Ko ana iya zuba irin wannan albarushi marar hayaƙi a bindigar toka don ta ƙara ƙarfi?

Amsa: Malam, don Allah kada ka gwada, ko da ɗan kaɗan ne. Bindigar toka an ƙera ta ne don baƙin albarushi, wanda matsinsa bai kai na marar hayaƙi ba ko kusa, kuma bututunta yana iya tarwatsewa a gaban fuskarka da hannunka. Ban da haka, dokar makamai ta Najeriya ta hana mallakar harsashi ko sarrafa shi ba tare da lasisi ba.