Ƙungiyarmu ta makaranta za ta ba da jini, Baba ya ce sayarwa ake yi

TAMBAYA: Assalamu alaikum Dokta. Dan Allah ina cikin damuwa. Ina aji biyu a jami'a, tun semestar da ta wuce na shiga ƙungiyar Red Cross ta makarantarmu, muna koyon taimakon gaggawa, muna zuwa gidan marayu da sharar asibiti. Yanzu an sa ranar ba da gudummawar jini har na rubuta sunana. Da na faɗa wa Baba sai ransa ya ɓaci, ya ce jinin nan kwashewa ake yi a sayar wa masu kuɗi, mu wasa kawai ake yi da hankalinmu, kuma shi karatu ya turo ni ba ƙungiya ba. Abokaina na hostal kuma suna ta tsorata ni wai yana rage ƙarfin namiji, mutum ba ya komawa daidai. Ba na son saɓa wa Baba kuma ba na son janyewa, yaya zan yi?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah Ya yi maka albarka da ka tsaya ka tambaya.

Maganar abokanka ba za ta ci mana lokaci ba. Babban mutum yana da jini kamar lita 5 a jikinsa, abin da ake ɗiba kuma mililita 450 ne, bai ma kai rabin lita ba. Ruwan jinin cikin kwana ɗaya zuwa biyu ya dawo, jajayen ƙwayoyin kuma cikin 'yan makonni, shi ya sa ake cewa namiji ya jira wata 3, mace wata 4 kafin a sake. Babu wata hanya da ta haɗa wannan ledar jinin da za ka bayar da ƙarfin namiji ko haihuwa, babu. Kuma ba za a taɓa ka ba sai an auna nauyinka an ga ka kai kilo 50, shekarunka sun kai 18, an duba hawan jini, an soki yatsanka an ga jinin naka ya isa. Mai AS yana iya bayarwa in yana da lafiya, mai SS, wato ɗan sikila, shi ne ba ya bayarwa. Bayan an gama ka sha ruwa sosai ka ci abinci mai kyau, wake, zogale, hanta in da hali. Wannan haɗin maltina da madarar gwangwani da ake cewa yana mayar da jini nan take, ba ya yin haka, kar kuma ka bari mai kemis ya ɗora maka kwalabe na maganin ƙarin jini da ba ka buƙata.

Toh yanzu maganar Baba, ita ce mai nauyi, don ita nake ji kusan kullum a bakin ɗakin jini, kuma wallahi wannan maganar tana kashe mutane.

Baba bai faɗi haka a banza ba. Wataƙila ya taɓa kai marar lafiya asibiti aka ce a ƙara jini, aka ce ya kawo mutum biyu su bayar, sannan kuma aka miƙo masa takarda ya je ya biya kuɗi. Duk wanda aka yi wa haka dole ya ce to jinin da muka bayar kyauta shi ake sayar mana. Amma ka tsaya ka ga abin da ke faruwa da ledar nan bayan ta bar hannunka. Ita kanta ledar sayenta ake yi, da maganin hana daskarewa a cikinta, sau ɗaya ake amfani da ita da allurarta a jefar. Sai a gwada jinin a kan cuta huɗu, ƙanjamau, ciwon hanta na B, na C, da tunjere, kowanne da kayan gwajinsa. Sai a tantance rukunin jinin, sai kuma a haɗa shi da jinin marar lafiyar a lab a ga ko sun karɓi juna. Sannan a ajiye shi a firji na musamman tsakanin digiri 2 zuwa 6, dare da rana, in wuta ta ɗauke a tada janareta, in sanyin ya kuɓuce ledar ta tashi aiki, kuma duk da haka kwana 35 ne ƙarshenta a irin ledar da aka fi amfani da ita a nan. Kuɗin da ake karɓa na waɗannan abubuwan ne. Ko sun yi wa talaka yawa, eh sun yi, ni ma ina ganin ya kamata gwamnati ta ɗauke wa masu haihuwa da 'yan sikila wannan nauyin gaba ɗaya, amma wannan magana daban ce da cewa jinin aka sayar.

Ba zan ce maka babu ɓata-gari ba, akwai su, kuma ka san inda suke? A bakin ƙofar asibiti. Ka je da daddare za ka ga samari suna zagaye, da sun ga mutum ya fito a rikice riƙe da takarda sai su matso, Alhaji wane rukuni ake nema. Waɗannan su ne masu sayar da jini na gaskiya. Mutum ya bayar a nan wannan makon, mako mai zuwa ya koma wani asibitin da wani suna, jinin ya tsinke ya zama ruwa-ruwa, ka biya kuɗi mai yawa a ƙara wa matarka amma kamar ba a ƙara ba. Abin da ya fi wannan tsoro kuma, wanda yake son kuɗi ba zai taɓa faɗin gaskiya ba in an tambaye shi tarihin lafiyarsa, alhali akwai ɗan lokacin da cuta ta riga ta shiga jiki amma gwaji bai fara ganinta ba. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya take nanata cewa jinin da ya fi aminci shi ne na mai bayarwa don ransa, ba don kuɗi ba, kuma mai maimaitawa. Dokar lafiya ta Najeriya ta 2014 ta haramta cinikin jini, a 2021 kuma aka sa hannu kan dokar kafa hukumar jini ta ƙasa, amma doka a takarda ba ta cika firji.

Ka ga yadda abin yake zagayawa. Jita-jita ta hana masu lafiya irinku bayarwa, firji ya zama wayam, mai naƙuda ta zo tana zubar da jini ƙarfe biyun dare, dangi su bazama, su faɗa hannun 'yan bakin ƙofa, gobe kuma su fito suna cewa ai mun gani da idonmu sayarwa ake yi. Masu tura saƙon murya a WhatsApp wai ana kai jinin ɗalibai wajen matsafa, ina ma a ce za su zo su tsaya awa ɗaya a ɗakin haihuwa. Zubar jini bayan haihuwa yana sahun gaba a abubuwan da ke kashe mata a ƙasar nan, mace tana iya tafiya cikin awa biyu in ba a samu jini ba. Ga 'yan sikila, ƙasarmu ce ta fi kowace ƙasa yawansu a duniya, ana ƙiyasta jarirai kusan 150,000 duk shekara. Ga yaran da maleriya ke shanye wa jini da damina, ga hatsarin mota. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce in kashi 1 cikin 100 na jama'a suna bayarwa buƙatar yau da kullum za ta biya, mu ko nan ba mu kai ba. Mu ji tsoron Allah da abin da muke yaɗawa, ayar nan ta 32 a Suratul Ma'ida kowa ya haddace ta, wanda ya raya rai ɗaya kamar ya raya mutane duka ne, malamai kuma sun halatta kyautar jini, sayar da shi suka hana.

Ɗalibai su ne ƙashin bayan wannan aikin a ko'ina. A Zimbabwe ne matasa 'yan makaranta suka fara alƙawarin bayarwa sau 25 a rayuwarsu, abin da ya zama Club 25 ya bazu ƙasashe da yawa.

Kai dai ka tabbatar da abu biyu. Ƙungiyar tana da rajista a ofishin harkokin ɗalibai da malami uban ƙungiya da kowa ya sani, na san takardar izini tana iya yin makonni a kan tebur ana ce maka oga bai shigo ba, abin haushi ne, amma ku bi ta, don ita ce ta raba ku da ƙungiyoyin da ke taro a ɓoye da rantsuwa. Na biyu, ku san wane asibiti ko wace cibiya ce za ta ɗauki jinin, ma'aikatanta su zo da kansu da katin shaida, a buɗe sabuwar leda a gabanka, a ba ka katinka, kuma a sanar da kai sakamakon gwajinka a sirrance.

Maganar karatu kuwa Baba yana da gaskiya, in CGPA ɗinka ya fara zamewa saboda taro ka rage. Kar ka yi musu da shi kuma kar ka bayar a ɓoye. Ka kai masa sakamakon semestar da ta wuce ya gani, ka samu wani kawunka ko limamin unguwa da yake jin maganarsa, in akwai ma'aikacin lafiya a dangi ya fi, su zauna da shi. In ya yarda alhamdu lillahi. In bai yarda ba wannan karon ka je ka yi aikin rubuta sunaye da raba ruwa da kula da waɗanda suka bayar, ana buƙatar masu yin wannan ma, ka ci gaba da lallaɓa shi kafin 14 ga Yuni, ranar masu ba da jini ta duniya, lokacin yawanci ake sake wani gangamin.